Jirgin da Na Ƙera wa Kumandan Salifu

Shekaranjiya wani daga cikinku, ba zan faɗi sunansa ba, ya tsaya a bakin shagon nan yana latsa waya, ya dubi tablon da nake haɗawa ya ce, "Baba Illa, ai wanga ba wani aiki ba ne. Katako ne a huda, a dasa maɓallai, a soka wa kwamfuta." Na ajiye fer ɗin dalma, ƙarfen da nake liƙa waya da shi, na tsaya kallonsa. Da na buɗe baki a lokacin, ba alheri zan faɗa ba. To yau da kuka taru, ku jawo benci ku zauna.

Ga waɗanda ba su sani ba, tablo shi ne gaban matuƙin jirgin sama, inda agogai da makunnai suke. Ni ina ƙera irinsa don mutum ya ajiye a ɗakinsa, ya haɗa da kwamfuta, ya tuƙa jirgi a gilashi ƙafarsa tana ƙasa. A Tawa ana yi mini dariya, ana cewa ina ƙera jirgin da ba ya tashi. Ban musa ba. Amma na ga abin da jirgin da ba ya tashi ya yi wa mutane, kuma har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ba da wannan sana'ar na fara ba. Rediyo na koya, a rumfar Malam Abarshi, gefen kasuwa. A lokacin fer ɗinmu a garwashi ake gasa shi, ka ɗauko da gudu ka liƙa waya kafin ya huce. In ka makara dalma ta dunƙule, Malam Abarshi ya fincike ya ce ka sake. Na daɗe ina share tebur da jera ƙusoshi kafin ya yarda in buɗe bayan rediyon mutum.

Rediyon farko da ya bar mini ni kaɗai na wani makiyayi ne daga Barmu. Abin murɗa tasha ya tsage, yana da ƙarfi kamar murfin tulu. Na cire shi na sa sabo, mai laushi, yatsa ɗaya ya isa ya juya shi. Na goge rediyon tas, na miƙa ina jin kaina. Kasuwa ta zagayo sai ga mutumin da rediyo a hammata, fuska a ɗaure. Ya ce na ɓata masa kaya. Na kunna, tana magana rangaɗaɗau. Ya ce shi bai iya karanta lamba ba, da ƙarfin murɗawar yake gane tasharsa: inda ta cije, nan ne labarai. Yanzu komai sulɓi, ya rasa hanya. Na saki baki. Malam Abarshi bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Tahi ka tono tsohon cikin shara." Na tono, na liƙe tsagar, na mayar. Mutumin ya tafi yana sa mini albarka a kan abin da na ɗauka lalatacce ne.

Na yi rediyo, na yi talabijin, na hau soraye ina saita faranti, har zamani ya zo da kayan da in sun lalace sai dai a yar. Aiki ya ja baya. Ina cikin wannan hali wani Alhaji mai shigo da siminti ya aiko a kira ni. Ya je ƙasashen waje ya ga wani ya haɗa gaban babban jirgin fasinja a ɗakinsa, shi ma yana so. Ya nuna mini hotuna a waya ya ce, "Daidai da wanga. Ko ƙusa guda kar ta ɓace."

Wannan aikin ya cinye mini rani da damina. Makunnai a gaba, makunnai a gefe, wani tablon kuma a saman kai, kowane maɓalli da ƴar fitilarsa a ciki. Wayoyin bayansa in ka gani sai ka ce saƙar gizo. Rubutun da ke ƙarƙashin kowane makunni ƙanana ne kamar ƙwayar gero, don haka yake a jirgin gaske. Da muka gama, abin ya ƙi shiga ta ƙofa, sai da aka fasa bango. Da aka kunna, fitilun nan da gilasai suka mai da ɗakin tanda. Amma kyau kam ba a magana. Abokan Alhaji suka cika gidan suna ɗaukar hoto.

Sai aka zo tuƙi. Jirgi irin wannan mutum biyu aka yi wa shi, kuma kafin injin ya tashi akwai jerin abubuwan da za ka kunna bi da bi, in ka tsallake ɗaya komai ya tsaya. Alhaji ya sa tabarau, ya ɗaga kai sama yana neman makunni, wuyansa ya ƙage. Ya samu wannan, wancan ya ɓace masa. Yana gab da tada inji na biyu aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Washegari ma haka. Na rantse muku, a iya sanina jirgin nan bai taɓa barin ƙasa ba. Da na koma gidan bayan wani lokaci gyaran firji, na leƙa ɗakin, na tarar an tara buhunan albasa a kujerar matuƙi. Aikin da na fi nuna ƙwarewa a kansa ke nan a rayuwata, ga shi ya zama rumbu.

Daga nan na yanke shawara. Na koma yin ƴan akwatuna: maɓallai kaɗan, manya, rubutu ɓaro-ɓaro, duk a inda hannu zai kai ba tare da an miƙe ba. Maɓalli guda ka latsa, inji ya tashi. Ma'aikata suka saya, ɗaliban da ke mafarkin zama matuƙa suka saya, na riƙa sa wa motar Yamai da ta Agadas. Su waɗannan akwatunan ana amfani da su har fenti ya goge. Duk wanda ya zo mini da maganar "kamar na gaske" sai in ba shi labarin albasa. Na ɗauka na gama gane sana'ar.

Sai ga Kumandan Salifu.

Dattijo ne dogo, siriri, ya sauko daga kabu-kabu da kansa ba a riƙe shi ba. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa ƙaramin jirgin feshi, irin wanda ake turawa in fara ko tsuntsaye sun sauka a gonaki. Ya yi ritaya ya dawo gida Tawa, ɗiyarsa Balkisa, malamar makaranta, tana kula da shi. Ita ta saya masa kwamfutar don ya daina zaman shiru. Na ɗauko masa akwatina mafi kyau ina yabonsa. Ya latsa maɓallin tada inji sau ɗaya, ya janye yatsa kamar ya taɓa ƙazanta.

"Mi ne wanga?"

Na ce, "Sauƙi ne, Kumandan. Ba sai ka sha wahala ba."

"Wa ya ce maka wahala nika gudu?"

Na fara ba shi labarin Alhaji. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Shi wancan bai taɓa zama cikin jirgin ba, hoto ya gani. Ni nawa yana nan." Ya buga ƙirjinsa, ya buga gwiwarsa ta hagu. Sannan ya ja kujerata ya zauna a tsakiyar shago, ya rufe ido, ya fara miƙa hannu cikin iska. Hannun dama ya kama sandar tuƙi da ba ta nan, tsakanin gwiwoyinsa. Hagu ya sauka gefe kan manet, wato sandar ba inji wuta. Ya ce in auna. Na ɗauko mita na riƙa bin yatsunsa ina sa alama a katako: nan famfon mai, nan makunnin batir, nan sandar sakin magani. Don in gwada shi, na bari ya sha ruwa ya huta, na ce ya sake. Yatsunsa suka koma kan alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, ba wadda ta kauce. Alli ya faɗi daga hannuna.

Shekarar da na fara aikinsa ita ce shekarar da ba zan manta ba, wadda aka rufe iyaka. Kayanmu duk ta Ƙonni suke shigowa daga Sakkwato da Kano. Aka wayi gari babu makunni, babu dalma mai kyau, kuran kuma sai ya leƙo ya koma. Masu gyara da yawa suka rufe shago, wasu suka koma kabu-kabu. Ni na koma wa garwashi kamar zamanin Malam Abarshi, na shiga bin garejin matattun motoci da turnabis, abin kwance ƙusa, a aljihu. Makunnan Kumandan daga tsofaffin motocin daji na ciro su. Matakan ƙafa na wata akori-kura ne. Ƙaramar tayar daidaita hancin jirgi kuwa daga keken ɗinkin matata ta fito, kuma wannan maganar ba ta mutu a gidana ba har yau. Allurorin agogai na mashin ne, na haɗa su da ƴan injinan da ke cikin matattun na'urorin buga takarda.

Kumandan yana zuwa kowace safiya ya zauna a kaina. In na ɗaura makunni sai ya ɗaga shi ya saurara. "A'a. Wanga yana cewa tik. Nawa tak yake cewa." In sake fita rana in nemo mai cewa tak. Manet ɗin ma sai da na matse shi tsakanin ƙarafa biyu har sai ka sa ƙarfin kafaɗa kafin ya motsa, don ya ce haka nasa yake. Ya sa na yi wa wurin zaman bango hagu da dama, ƙunci kamar akwatin gawa, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka kafin ka shiga. Na ce, "Kumandan, shekaru fa sun ja." Ya ce, "Aikinka katako, Illa. Shekaruna ka bar mini."

Ranar da muka kai jirgin gidansa muka haɗa da batir da farantin rana, ya yi alwala, ya sa takalmi rufaffe, ya tsallaka ya zauna. Hannuwansa suka yi ta yawo, tak, tak, tak, bai ko kalle su ba. Jirgi ya ruga a titin filin jirgin Tawa ya ɗaga. Ni na saba ganin masu saye suna hawa sama can su yi ta kallon gajimare. Shi sai ya kwantar da jirgin ƙasa-ƙasa ya nufi wajen Afala, yana bin kwari, yana shafa kan itatuwa. Ya tunkari wani dutse har na ga tsaguwar jikinsa, na yi ihu na dafe bango, shi kuwa ya karkata fiffike ya zagaye, ya dawo kan layin da ya bari. Balkisa ta leƙo da tire a hannu ta tsaya. Ta ce a hankali, "Malam Illa, rabon da in ga bayan Baba a miƙe haka tun ina ƙarama."

Ya yi kusan shekara yana tashi kowace hantsi. Maƙwabta sun saba da ƙugin injin.

Wata rana da la'asar Balkisa ta zo shago da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Baba ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. An yi jinya a likita, an sallamo shi, magana tana fita amma da nauyi. Hannun hagu kuwa yana rataye kamar igiya. Ta ce, "Ba ya ci, ba ya kallon kowa. Ka yi mishi irin akwatin nan naka, komi a dama, ya tuƙa daga kan kujerarshi. Wancan kuma ka zo ka kwashe, ba ni son ya riƙa ganin shi."

Na zauna na yi akwatin da ban taɓa yin kamarsa ba. Sanda guda a hannun dama, wutar inji a ƙarƙashin babban yatsa, juya wutsiya ta murɗa sandar, ba ruwanka da ƙafa. Na gwada da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, na tashi na sauka lafiya lau. Na ɗauka a kai na tafi ina murna, don a ganina yau ranar akwatina ce.

Muka tura kujerarsa gaban gilashi, na ɗora masa akwatin a cinya. Ya rame, gefen bakinsa ya zube. Ya dube ni, ya dubi abin. Ya latsa, inji ya tashi. Ya ɗaga jirgin sumul, ya hau sama, ya daidaita. Balkisa ta fara murmushi tana cewa, "Ka gani, Baba? Ka gani?" Sai kawai ya tura sandar gaba har ƙarshe, ya riƙe. Hancin jirgi ya dubi ƙasa. Na ce, "Kumandan, ja! Ja baya!" Bai ja ba. Idonsa a buɗe yana kallo har ƙasa ta cika gilashin, komai ya yi baƙi.

Balkisa ta saki salati ta toshe baki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana shafa kan itatuwa bai taɓa karya ko taya ba, ga shi ya kashe jirgi da gangan a gabanmu. Ya ture akwatin ya faɗi ƙasa. Ya ɗaga haɓa ya nuna kusurwar ɗaki, inda tsohon jirgin yake lulluɓe da zane.

"Ku sa ni ciki."

Balkisa ta ce, "Baba, ba za ka iya ba."

"Ku sa ni ciki, na ce."

Sai da na kira maƙwabcinsu muka cicciɓe shi muka tsallakar da shi, ƙafarsa tana bugun katako. Muka zaunar da shi, hannun hagu a yashe kan cinya. Ya kunna abin da dama za ta iya kaiwa, ya ce in kunna masa sauran. Inji ya yi ƙugi. Ina tsaye ta hagunsa, don haka ni na fara gani. Yatsun nan da aka ce sun mutu suka motsa. Na ɗauka rawar injin ce, amma ai babu inji, lasifika ce. Hannun ya ja jiki a kan cinyar, kaɗan-kaɗan, yana rawa, ya zame gefe ya faɗa kan manet. Shi kansa bai kalle shi ba, idonsa yana kan titi. Sai na taɓa Balkisa da gefen hula na nuna mata. Ta durƙushe a wurin.

Amma kada ku ɗauka nan labarin ya yi daɗi. Manet ɗin da na matse da ƙarfin kafaɗa, hannun da ko cokali ba ya ɗauka ina zai tura shi? Gumi ya jiƙa masa riga, jirgi yana tsaye a bakin titi yana ƙugi, ko taku bai yi ba. Da muka zo fitar da shi ya kusa kufce mana, goshinsa ya daki gefen tablo ya fashe. Balkisa ta juyo kaina, ranar na ga ɓacin ranta. Ta ce, "Akwatinka ya ƙi, wanga kuma zai kashe shi. To mi kake so in yi da ubana?" Mai sauƙin ya raina, na gasken ya fi ƙarfinsa, kuma duka biyun ni na ƙera su.

Mai yi masa motsa jiki daga likita, wanda ake ce wa kine, shi ya raba gardamar. Da aka gaya masa hannun ya motsa, ya zo ya gani da idonsa. Ya ce bai yi wa kowa alkawarin warkewa ba, amma duk abin da zai sa hannun nan ya nemi aiki kada a hana shi. Sharaɗinsa ɗaya: kada a sake ɗaga dattijo sama kamar buhu.

Na zo da zarto. Kumandan yana ganinsa ya fara buga kujera da hannun dama. "Jirgina ba ya da ƙofa a nan!" Na ce, "Kumandan, ko ƙofa ko a kwashe, haka Malama ta ce, kuma ni ina bayanta." Ya kau da kai. Na yanke bangon dama na sa masa fata biyu, wato hinji, da sakata, na ɗora kujerar a kan ƙarfe tana zamewa waje ta koma. Duk jan zarto ɗaya sai ya runtse ido.

Daga nan muka shiga ciniki, ni da shi, kamar a kasuwar shanu. Makunnan hagu ƙanana, na ce zan yi musu tagwaye a dama, na hagun su zauna inda suke, duka suna aiki. Ya yi kwanaki yana ƙi, ya yarda. Rubutu na ce zan ƙara masa girma. Ya ce bai taɓa karanta su ba balle yanzu, in yi abin da na ga dama. Matakan ƙafa na rage musu tauri, ya ce na mai da su na yara, amma ya bari. Famfon mai da ke ƙasa wajen idon sawu na ce zan hau da shi sama. Ya ce in na taɓa shi kada in sake taka gidansa. Na bar shi, Balkisa ce take murɗa masa. Manet kuwa ko tagwaye bai yarda a yi masa ba.

Na ce, "To bari in sassauta shi gaba ɗaya."

Ya girgiza kai ya faɗi wata kalma, na kasa ji saboda nauyin bakin. Ya maimaita, na kasa. Ya fizgi allina ya zana a jikin katako da hannun dama: manet, da wani ɗan dunƙule a gindinsa. Ashe a jirgin gaske akwai ekuru a wurin, wato noti, irin mai kunnuwa da ake murɗawa da yatsa. Matuƙi ya matse in yana so manet ya cije, ya sassauta in yana so ya yi laushi. Shi tun yana saurayi a matse yake barin nasa, har ya manta ana murɗa shi, shi ya sa bai taɓa gaya mini ba. Na zauna a ƙasa ina kallon zanen. Na yi shekaru ina ɗauka sauƙi daban, gaskiyar jirgi daban, dole ka zaɓi ɗaya. Ashe waɗanda suka ƙera na gasken sun riga ni tunanin hannun da ya gaji.

Na je wurin dukawa na samo fata mai kauri, na yanka ta zagaye, na sa tsakanin ƙarafan biyu, na ɗaura ekuru mai kunnuwa a kai. Na sassauta har iska ma ta iya tura manet ɗin. A haka hannun ya fara tura shi, rabi. Jirgi ya yi ta gangarawa ya ƙare titi ya faɗa daji. Ya sake. Ya faɗa. Na daina ƙirga sau nawa na ga jirgin nan cikin ƙaya. Damina ta wuce, aka yi girbi, wata rana ya ɗaga. Sauka kuma ta zama sabon yaƙi, don sauka tana son a ja manet baya a hankali, hannun kuwa ko ya ƙi ja ko ya fizge gaba ɗaya. Duk ranar Juma'a bayan an sauko nakan biya, in ya ga dama ya ce, "Ƙara kaɗan," in matse ekurun ɗan mitsitsi.

Hannun bai dawo kamar da ba, kada wani ya je ya ce na ce katako yana warkar da shanyewar jiki. Har yau ba ya iya ɓalla maɓallin riga da shi.

Wata Juma'a na shiga na tarar yana sama, Balkisa tana zaune a gefe tana gyaran takardun ɗalibanta. Ya juyo da jirgin ya tunkari titin Tawa. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba, don kada in raba masa hankali. Hannun hagun yana rawa a kan manet, yana ja baya kaɗan, ya tsaya, ya ƙara ja. Titi ya taso. Tayoyi suka taɓa, jirgi ya yi tsalle ɗaya, ya zauna, ya gangara ya tsaya a tsakiyar kwalta. Ya kashe inji. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin akuyar maƙwabta.

Ya juyo ya gan ni. Hannun damansa yana kan sanda, bai sake ta ba. Sai ya ɗago hagun daga kan manet, da ƙyar, yana karkarwa, ya miƙo mini.

Ku kun san garin nan. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa miƙo mini hagu na karɓa ba, ko yaro ne sai na buge hannun. Balkisa ta ce, "Baba, hagu ce fa."

Ya ce, "Na sani."

Na sa hannu biyu na kama.